Farar Ƙwaya Mai Tsaga a Tsakiya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya karɓi abin da Ya karɓa, Ya bar mini abin da Ya bar mini.

Sunana Sale. Manomin shinkafa ne ni a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, shekaruna sun kusa hamsin. Shekara biyu ke nan da na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa manya bayan la'asar a firamaren garinmu. Wannan rubutu a hankali na yi shi, wata rana shafi ɗaya, wata rana rabi, saboda idona ba ya jure wa takarda. Malam Kabiru mai koyar da mu ya duba ya gyara mini wuraren da na kauce. Na rubuta shi ne domin 'yan'uwana manoma masu shiga kemis su ce "a haɗa mini", su haɗiye ba su tambayi sunan abin da suka haɗiya ba. Ni ma haka na yi ta yi shekara da shekaru.

Abin ya faro ne a ƙarshen rani, muna yankan shinkafa. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa yana sauri ya kwashe tasa kafin ruwan farko ya jiƙa ta. Cikin wannan sauri lauje ya kuɓuce mini ya sare ni a ƙwauri. Ba wani babban rauni ba ne. Na ɗaure da tsumma na ci gaba da aiki, kuma kullum sai na ratsa ruwan kanal da ƙafa kafin in isa gona. Bayan kwana huɗu wurin ya kumbura ya fara ruwa.

Na je wurin Ɗanjuma mai kemis. Ya duba ƙafar, ya buɗe wani babban gwangwani ya zubo mini fararen ƙwayoyi masu tsaga a tsakiya, ya ƙulle a 'yar leda. Ya ce maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, biyu da safe, biyu da yamma. Ko tambaya ban yi ba, don na san ƙwayar. Na sha ta da na yi gudawa, na sha ta da maruru ya fito mini, na sha ta lokacin wani tari. Ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Satin farko lafiya lau. Ciwon ƙafa ya fara kamewa, muka gama yanka muka koma masussuka muna bugu a jikin duro. A kwana na takwas na ji jikina ya ɗau zafi, maƙogwaro yana yi mini kamar na haɗiyi ƙaya, idanuna kuma kamar an watsa musu yashi. Ga ƙaiƙayi a ƙirji da baya.

To, duk wanda ya taɓa bugun shinkafa ya san babu mai barin masussuka da farin ido ko jiki marar ƙaiƙayi. Da na yi ƙorafi, Yaya Idi, wana da muke uwa ɗaya uba ɗaya, dariya ya yi.

"Sale, shekara talatin kana bugun shinkafa, sai yau ka san ƙaiƙayi yana ci? Ko tun da ka fara riƙe biro fatar ta zama ta ma'aikata?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Da yamma na koma wurin Ɗanjuma na faɗa masa zazzaɓi da ciwon wuya. Ya ce idon afolo ne, yana yawo a gari. Ya ba ni na zazzaɓi, sannan ya ƙara mini wata ledar farar ƙwayar, ya ce ai ciwon wuya ma tana yi masa.

Bayan kwana biyu na kasa fita gona. Wasu jajayen tabo suka feso mini a ƙirji da fuska da tafin hannu, kowane da baƙi-baƙi a tsakiyarsa. Leɓɓana suka kumbura suka tsattsage. Cikin bakina ya saluɓe, ko ruwa na kurɓa sai hawaye. Matata Talatu ta tsorata, ta aika aka kira Yaya Idi. Ya zo ya ɗaga rigata ya daɗe yana dubawa, sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi, maganin ya kama aiki. Dattin da ke cikin jininsa ne yake korowa waje. Yadda ƙyanda take ɗin nan, in ta fito an huta, wadda ta koma ciki ita ke kisa."

"Yaya, ko ruwa fa ba ya iya haɗiya," in ji Talatu.

"Ki daka ki zuba masa a koko. Kada ki kuskura ki tsallake ko sau ɗaya, Talatu. In kika tsaya a rabi abin nan ya koma ciki, ba ruwana."

Ina so mai karatu ya gane cewa Yaya Idi ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba ne. Abin da ya faɗa shi ne abin da duk muka tashi muka ji a bakin iyayenmu. Ni kaina da nake kwance na ji daɗin maganarsa, na ce ashe warkewa ce ta zo da zafi.

Washegari da safe na farka na kasa buɗe ido. Na ɗauka kwantsa ce. Talatu ta kawo ruwan ɗumi tana goga mini, amma fatar idon ta manne gam. Ta ce bari ta sauya mini riga, don ta jiƙe. Tana janta sama na ji wani raɗaɗi a baya kamar an ɗora mini garwashi. Sai na ji ta daina ja.

"Mene ne?" na tambaya da ƙyar.

"Malam," ta ce, "fatarka ce ta biyo rigar."

Tun daga wannan lokaci tsoro ya shige ni, kuma bai fita ba sai bayan wata guda. Har yanzu ma ban ce ya fita duka ba.

Aka samo a-daidaita-sahu aka kai ni asibitin gwamnati mafi kusa da mu. Mun isa da hantsi, ba a gan mu ba sai bayan azahar: layin kati daban, layin ganin likita daban. An shimfiɗa mini tabarma a gindin bishiya. Ba na gani, amma ina jin mutane suna jan yaransu suna matsawa, wata mata tana cewa wannan ai bai kamata a kawo shi cikin jama'a ba. Da aka shiga da ni, ma'aikacin ya tambaya ko na sha wani magani. Bakina ba ya buɗuwa sosai, sai Yaya Idi ya amsa.

"Na zazzaɓi kawai."

Ya faɗi haka ne don mun saba, in ka ce ka fara zuwa kemis sai an yi maka faɗa a gaban mutane kafin a duba ka. Kowa a ƙauyenmu ya san wannan, kowa kuma ɓoyewa yake yi. Aka sa mini ƙarin ruwa leda ɗaya, aka rubuta takarda aka ce mu wuce Kano, abin ya fi ƙarfinsu.

A babban asibitin Kano ma sun yi wannan tambaya, har sau biyu, suka sami amsa iri ɗaya. Aka kwantar da ni, aka ɗebi jini, aka naɗe ni da bandeji mai maiƙo kamar wanda ya ƙone a gobara. Kwana biyu ana yi mini duk abin da ya kamata, amma sababbin ƙuraje ba su daina fitowa ba. Ina jin likitoci suna tsayawa a kaina suna magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Ba na jin Turanci, amma na san muryar mutumin da abu ya ɗaure wa kai.

Abin da ba su sani ba shi ne, ledar tana ƙulle a bakin zanin Talatu. Safe da yamma, in ta ga ma'aikata sun fita, sai ta murƙushe biyu a cokali ta dama a koko ta ɗura mini kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Ni kuma ina haɗiya, ina jin ɗacin, ina gode mata a zuciyata.

A rana ta uku da safe ina jin ƙarar cokali yana murza ƙwaya a gindin kofi, sai na ji takun takalmi ya tsaya a bakin gadona. Wata nas ce da ake kira Sista Ladi.

"Baiwar Allah, me kike dakawa?"

"Maganinsa ne na gida."

"Mu gani."

Na ji ƙarar leda. Na ji Sista Ladi ta ja numfashi.

"Tun yaushe yake shan wannan?"

"Yau sati biyu. Ban taɓa tsallakewa ba," in ji Talatu. Yadda ta faɗe shi, tana jiran a yaba mata ne.

Sista Ladi ba ta yi mata tsawa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Ajiye kofin nan a ƙasa. Kada ki taɓa shi." Sai na ji takunta yana sauri yana nisa.

Likitar da ta zo mace ce, daga muryarta ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta ja kujera ta zauna kusa da kunnena.

"Baba, kana jina? Mun gano abin da ke damunka. Wannan ƙwayar ce. Dangin maganin da ake kira salfa ce."

Na tattara ƙarfina na ce, "Jabu ce?"

"Ba jabu ba ce, ba ta kuma lalace ba. Magani ne mai kyau, mutane da yawa suna sha su warke. Jikinka ne ya ƙi ta, yake yaƙi da ita, yaƙin kuma a kan fatarka ake yin sa."

"Na sha ta da can. Sau da yawa."

"Haka yake yi, Baba. Mutum zai sha shekara goma lafiya, rana ɗaya jiki ya juya. Ba ya sallama. Ba datti ne ke fita ba. Duk ƙwayar da aka ƙara maka, wutar aka ƙara wa itace. Yanzu da muka tsayar, ina sa ran fatar za ta dawo in Allah Ya so. Idanun nake ji wa tsoro."

Ta bayyana mini cewa yadda bayana ya saluɓe haka cikin idona ya saluɓe, kuma in aka bar shi, fatar idon za ta warke a manne da ƙwayar idon, shi ke nan. Na ji kalmominta sarai. Na kuma ji wani abu a bayanta, kamar an yar da buhu a ƙasa. Talatu ce ta zauna daɓas a kan siminti.

Sati na biyu a asibiti shi ne mafi tsanani. Kullum da safe likitan ido yakan zo, ko ya aiko wani, a ɗiga mini maganin kashe zafi, a buɗe fatar idon da ƙarfi, a zura wani ɗan sandan gilashi mai santsi a zagaya da shi ta ciki don kada ta manne. Mutum biyu ke riƙe ni. Ni da na taɓa cire ƙaya daga tafin ƙafata da reza ban yi ko tari ba, sai ga ni ina kiran sunan mahaifiyata da ta rasu shekara goma sha biyu. In sun buɗe, ba na ganin komai sai haske fari kamar an shafa wa gilashi koko. Ina tambaya, "Zai dawo?" Su ce, "Baba, a ci gaba da addu'a." Na lura babu wanda ya taɓa ce mini e.

In sun tafi sai in kwanta da tunani. Manomin rani da ido yake ci. Da ido kake sanin ruwa ya kai ƙarshen kowane kwami a gona, da ido kake gane ganye ya fara ja yana neman taki. Na ga kaina zaune a ƙofar gida ana wucewa ana ce mini sannu. Abin da ya fi ci mini rai, ban daɗe da fara karanta saƙon waya da kaina ba, ba sai na miƙa wa wani ya ji sirrina ba. Shekara arba'in da bakwai ina jiran wannan, na same shi shekara ɗaya da 'yan watanni. Sai in ji ƙirjina ya cushe, in kasa numfashi, har sai Yaya Idi ya dafa ƙafata ya ce, "Sale, ambaci Allah."

Shi Yaya Idi bai koma gida ba ko sau ɗaya. A baranda yake kwana, shi ke bin layin kantin magani da takardar da ake rubuto mana kusan kullum, shi ke ɗura mini kunu da sirinji. Wannan ɗaya ne daga cikin ƙorafe-ƙorafena: a asibitin nan komai sai ka saya, har auduga da safar hannu, kuma sau da yawa sai an fita waje ake samu. Maƙwabtana sun yi gayya sun ƙarasa mini bugu kafin ruwa ya sauka, Allah Ya saka musu. Shinkafar kuwa ko buhu ɗaya bai shiga ɗakina ba, daga masussuka ta wuce kasuwa, daga kasuwa ta wuce kantin magani.

Wata rana yana goge mini baki sai ya ce, "Ni na ce a ba ka. Ni kuma na ce na zazzaɓi kawai ka sha." Na lalubi hannunsa na riƙe.

Masu dubiya sun zo da yawa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a ɗiga ruwan sukari. Wata gwaggonmu ta zo da kwalli a ƙulle ta ce na Makka ne. Wani ya ce nonon mai jego ba ya ƙarya a ciwon ido. Talatu, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa babba murya ba, ta tsaya a bakin gado ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ko ruwan zamzam ne sai likita ta gani." Gwaggo ta yi fushi ta tafi ba sallama.

Amma akwai abin da na lura da shi, ko da ba na gani. Tun ranar kofin nan Talatu ba ta sake ba ni komai da hannunta ba. Tana wanki, tana ɗebo ruwa, tana kore mini ƙuda da mafici yini guda. In lokacin abinci ya yi sai ta ce, "Yaya, ga kunun." In na ce ina jin ƙishirwa sai ta fita neman Yaya ko nas, ko da kofin yana gefenta. Ba ta cin abinci sosai. Sista Ladi ta yi mata magana har sau biyu, ta ce ba ta son ta sami majinyata biyu a gado ɗaya.

A sati na uku fata ta fara tsirowa, ja-ja, laushi kamar ta jariri. Farcena huɗu suka fita. Na fara shan kunu da cokali. Malam Kabiru ya zo dubiya ya ce ajin ya lalace, yanzu da wuri ake tashi tun da babu mai tsare shi da tambaya. Na yi dariya leɓena ya fashe, aka kore shi waje. A satin ne kuma wata safiya, bayan an zagaya da sandan gilashin, na ga wani abu shuɗi yana motsi ta dama. Na ce, "Akwai mai shuɗin kaya a nan?" Sista Ladi ta ce, "Ni ce, Baba." Yaya Idi ya fara hamdala da ƙarfi har aka ce ya rage murya.

Ranar da za a sallame ni, bayan kwana talatin da ɗaya, aka tura ni ɗakin gwajin ido. Ma'aikacin ya dube ni ya ɗauko allon da ake nuna wa waɗanda ba su yi boko ba, mai zane kamar yatsu uku, ka nuna inda suka fuskanta. Na ce ya kawo mai haruffa. Da idon dama na karanta layi huɗu. Aka rufe shi aka buɗe na hagu. Na san akwai allo a gabana don na gan shi ɗazu, amma ban ga komai ba sai fari. Likitan ya ce tabo ya rufe baƙin idon. Ya ce wataƙila nan gaba a yi wani aiki, amma kada in sa rai da yawa. Ya ce na daman ma ba ya yin hawaye yadda ya kamata, dole a riƙa ɗiga masa magani sau shida a rana, in ba haka ba zai bushe ya bi ɗan'uwansa. Masussuka kuwa ni da ita har abada.

Likitar nan mace ta ba ni kati ta rubuta sunan maganin da danginsa da manyan haruffa. Ta ce duk inda za a ba ni magani, ko na ciwon kai ne, in fara miƙa katin, don in na sake shan dangin salfa ba lallai in kai asibiti ba. Yana cikin aljihuna a naɗe da leda. Har yau in na ga farar ƙwaya a tafin hannun wani sai gabana ya faɗi.

Ga abin da nake roƙon duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, ko aka karanta masa. In kana shan magani, kowane iri, ko ka saba da shi, sai ka ga zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, musamman in baki ya fara fashewa, ka tsaya da shan sa a ranar, ka tafi asibiti da ragowar a hannunka. Kada ka ce ƙaiƙayin shinkafa ne. Kada wani ya ce maka ciwo ne ke fita. In an tambaye ka abin da ka sha, ka faɗa duka, faɗan ma'aikaci na minti biyu ne. Likitar ta ce da an tsayar tun ranar da tabon farko ya fito, da wataƙila labarin bai kai haka ba. Ɗanjuma ya zo har gida ya gaishe ni, ya rantse bai taɓa sanin ƙwayar tana haka ba. Na yarda da shi. Abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Ranar da muka dawo gida, bayan 'yan barka sun watse, lokacin ɗigon la'asar ya yi. Yaya Idi ya tafi gidansa karo na farko cikin wata guda. Na gwada da kaina, amma mai ido ɗaya ba ya iya auna inda bakin kwalba yake, sau biyu ina zubarwa a goshi. Talatu tana tsaye a bakin ƙofa.

"Bari in kira Yaya," ta ce.

"Sau shida a rana za ki riƙa kiran Yaya? Har yaushe?"

"Malam, da hannun nan na ba ka. Ina dakawa ina ba ka, kana haɗiya."

"Ni na sayo. Yaya ya ce a ba ni. Ke kika zauna kika ba ni don kada in mutu. Zo ki karɓa, idon yana yi mini zafi."

Ta baro bakin ƙofar. Sannan ta zo ta durƙusa, ta karɓi kwalbar, ta juya ta ta nuna mini rubutun jiki, sai da na karanta na ce shi ne. Na kwantar da kaina a kan cinyarta. Ta ɗaga fatar idona da yatsa. Ɗigon farko ya sauka a kumatuna. Na ce ta sake. Na biyu ya shiga.